Ina ɓuya da kekena don kar 'yan cocinmu su gan ni, shin rashin bangaskiya ne?

Sakatare_Narayi ya rubuta:

Salama gare ku 'yan'uwa. Na daɗe ina karanta abin da ake rubutawa a nan ban taɓa tofa komai ba, yau dai abin ya ishe ni ne, ƙarfe uku da wani abu na dare nake wannan rubutun, kowa a gidan ya yi barci sai ni.

Shekarata 41, da mata da yara uku, muna haya a Narayi. Na yi HND na akanta a Poly ta Kaduna, na yi shekara tara ina aiki a wani kamfani can wajen Kudenda, ba wani albashin a zo a gani ba ne amma dai akwai rufin asiri, in wata ya yi ka san abin da za ka taɓa. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023 muka fara ganin alama, litar da muke saye ƙasa da ɗari biyu ta haura ɗari biyar cikin 'yan kwanaki, motocin kamfani suka rage fita, sai ga shi a watan Disamba an kira mu mu goma sha ɗaya an miƙa mana takarda. Na yi wata biyar ina yawo da fayil babu inda ban kai ba, har Abuja na je sau biyu, ƙarshe dai wani ɗan'uwan matata ya ba ni keke napep ina kai masa balas kullum.

Ba wahalar keken ce ta hana ni barci ba. Ni ne sakataren Zumuntar Maza a cocinmu, ni ke karanta rahoto, da kwat da taye aka san ni. To tun da na karɓi keken nan ban taɓa ɗaukar fasinja ko ɗaya a Narayi ko Barnawa ko Sabo ba, da asuba nake fita in tsallaka kogi in tafi can Malali, Ungwan Rimi, Badarawa, Ungwan Dosa inda nake ganin ba wanda ya san ni, man da nake ƙonawa a zuwa da dawowa kaɗai ya isa kuɗin cefane. Ina sa hular sanyi da takunkumi kamar lokacin korona.

Sati uku da suka wuce wata mata ta tare ni a Malali, sai da ta zauna na kalli madubi na ga uwar zumuntar matan cocinmu ce. Ban ce uffan ba, ita ma ba ta ce ba, har muka kai Ungwan Rimi. Ta miƙo ɗari biyar, na sunkuyar da kai ina lalube canji a aljihu, sai na ji ta ce "bar shi Sakatare, ka gaida maman yara." Jama'a na gangara gefen titi na kashe keken, na kusa awa ɗaya a wurin hannuna yana rawa. Tun ranar ban sake taka coci ba.

Ana wata kuma ga wata. A bikin godiyar girbi, wata ɗaya kafin a sallame mu, na tashi gaban jama'a na yi alkawarin dubu sittin na rufin majami'a, an rubuta sunaye an manna a allo, duk wanda ya biya a ja masa layi. Nawa yana nan fes ba layi. Kuɗin makarantar babban yarona na zangon da ya wuce matata ce ta biya da kuɗin zoɓo da kunun aya da take yi bayan ta taso daga koyarwa, ba ta taɓa goranta min ba amma ni na kasa haɗa ido da ita. Jiya ƙaramin ya ce in ba shi ɗari biyu na littafi na daka masa tsawar da har maƙwabta suka leƙo.

Abin da ya fi ci min rai shi ne ayar nan ta 1 Timoti 5:8, wadda ke cewa wanda bai kula da iyalinsa ba ya fi marar bi muni. Ni da kaina na taɓa koyar da ita a zumunta, har ina buga tebur. Yanzu in na kwanta ita ke dawo min. Don Allah ku gaya min gaskiya, da ni ayar take? Kuma wannan tsoron da ke tashe ni kullum ƙarfe uku ina lissafin haya da makaranta da in na yi haɗari wa zai riƙe yaran, zunubi ne, ko bangaskiyata ce ta ƙare ban sani ba? Ina addu'a amma ji nake kamar da silin nake magana. Rabona da in yi dariyar gaske har na manta.

Sojan_Yesu_Sabo ya amsa:

Yayana ka tashi tsaye, wannan ba komai ba ne illa harin magabci. 2 Timoti 1:7 ta gaya mana ba ruhun tsoro Allah ya ba mu ba, na iko ne da ƙauna da kamunkai, to in ba Allah ne ya ba ka ba wa ya ba ka? Ka tsawata masa cikin sunan Yesu. Ka ɗauki azumin kwana uku, duk lokacin da ka farka ƙarfe ukun nan kar ka kwanta kana lissafi ka tashi ka yi yaƙin addu'a, kuma wannan alkawarin dubu sittin ɗin ni a ganina shi ne ya toshe maka ƙofa, ka nemo ko rance ne ka biya ka ga yadda sama za ta buɗe, ni na san wani da ya yi haka sati biyu ba a yi ba aka kira shi aiki. Keke ba rabonka ba ne yayana, kai ne kai ba wutsiya ba. Ina tare da kai cikin addu'a.

Tsohon_Masaƙi ya amsa:

Ɗana sannu. Jikata ce ke buga min wannan a waya ina faɗa, in ka ga ya yi tsawo ka yi haƙuri da tsoho.

Ku yaran yanzu kun san Kakuri ne bayan ta mutu. Ni na san ta da ranta. Unguwar masaƙu ce, masaƙar KTL tun 1957 zamanin Sardauna aka buɗe ta, ga masaƙun UNTL da Arewa, ga kamfanin motocin Peugeot can gefe, in jiniyar canjin aiki ta yi kuka titin nan ba ka ganin kwalta sai kawunan mutane da kekuna, masu tuwo da masu shayi ba sa barci domin dare ma aiki ake yi. Ni ba a manyan nan na yi ba, wata ƙarama ce a gefensu, shekara goma sha tara a sashen saƙa, har yau kunnena na hagu bai daina ƙara ba. Sai wuta ta zama babu, baƙin man da ake kunna tukunya da shi ya yi tsada, atamfar waje ta cika kasuwa ta ɓarauniyar hanya da rabin kuɗin tamu, aka dinga rufewa ɗaya bayan ɗaya, KTL ta tsaya a 2002, UNTL a 2007, tamu tana tsakani. Ga shi kuma dama ban gama farfaɗowa daga rikicin 2000 ba, wanda ya sa na bar gidan da nake a arewacin kogi na dawo Ungwan Romi ina haya da furfurata.

Ranar ƙarshe a bakin get aka sa kwali kowa ya jefa katin shaidarsa. Ɗana, da na jefa nawa ji na yi kamar sunana na jefa. Ban sani ba ashe duk shekarun nan in na ce "ni" katin nan nake nufi, ko da yake ni dattijon ikkilisiya ne ina tsayawa ina raba jibin Ubangiji.

Shekara biyu na yi ina abin da kake yi yanzu, kai ma ka fi ni don kai kana fita nema. Ni wanka nake yi in sa kaftani mai guga in zauna a ƙofar gida da rediyo, wai ina jiran a kira mu. Matata ta fara suyar ƙosai a bakin layi. Ƙarfe huɗu na asuba take ɗora bokitin wake a ka ta tafi inji ita kaɗai cikin duhu, ina kwance idona biyu ina jin ta buɗe ƙofa, amma in tashi in karɓa mata? Haba, ni sufabaiza, a gan ni da bokitin wake? Da ƙosan nan aka ciyar da ni shekara biyu ina cika ina batsewa. Girman kai rawanin tsiya, ni na naɗa shi na san nauyinsa.

Abokan aikina da yawa gindin mangwaro suka koma wajen burkutu tun safe. Wanda muka fi shaƙuwa da shi ko ɗaya bai taɓa sha ba, shi shiru ne ya kashe shi, kullum ka tambaye shi sai ya ce lafiya lau mun gode Allah, ran nan ya faɗi a banɗaki, jini ne ya hau.

Wanda ya fid da ni wani tsoho ne a majami'armu, manomi, ko karatun kirki bai yi ba. Ya zo gidana da yamma bai buɗe min aya ko ɗaya ba, ya jingina fartanya a bango ya ce yana da wani fili bayan Gonin Gora ya fi ƙarfinsa, gobe in shirya zai biyo. Na ji kunyar in ce masa a'a. Satin farko tafin hannuna duk ya yi bororo ya fashe, amma a satin ne na yi barcin da rabona da shi tun ranar kwalin nan. Mai-Wa'azi ya faɗa a sura 5, barcin ma'aikaci da daɗi yake ko ya ci kaɗan ko da yawa. Daga baya na fara kai wa matata waken inji da kaina, ranar farko dariya ta yi ta yi har da hawaye, ban san ko na dariyar ne ko na wani abu ba, ban kuma tambaya ba.

Ka je ka karanta 1 Sarakuna 19. Iliya fa, wanda ya kira wuta daga sama a kan Dutsen Karmel, shi ne saƙon Yezebel ya sa ya ruga don tsoro, ya bar baransa a Biyer-sheba ya yi tafiyar yini guda cikin jeji ya zauna gindin wani ɗan itace ya ce ya isa, a ɗauki ransa. Me Allah ya fara yi masa? Bai ce ya yi azumi ba, ɗana na Sabo ka ji. Barinsa ya yi ya yi barci, mala'ika ya tashe shi ga waina ga butar ruwa, ya ci ya koma ya kwanta, aka sake tashinsa ya ƙara ci. Sai can a Horeb aka yi magana, kuma da yake ta cewa ni kaɗai na rage aka ce masa akwai dubu bakwai. Kai ma in ka tashi a Zumuntar Mazan nan taku ka ce 'yan'uwa keke nake ja, ka ƙirga hannuwan da za su zo su same ka a waje bayan an tashi. Da yawa daga cikin masu kwat ɗin nan bashi ne a cikin aljihun.

Ba a taɓa kiran mu aikin ba har yau. Da gonar nan da ƙosan nan yara biyar suka gama makaranta. Tsoro kuwa kar in yi maka ƙarya, ina da shekara saba'in da biyu har yanzu yana zuwa, musamman da hanyar gona ta lalace da masu ɗaukar mutane na daina zuwa can. Sai dai yanzu in ya zo ba ni kaɗai yake samu ba, tashin tsohuwa nake yi mu yi addu'a tare, wani lokaci ma hira kawai muke yi har gari ya waye.

Maman_Biyu ta amsa:

Baba mun gode, na karanta naku sai da na ajiye waya.

Ɗan'uwana Sakatare, ka yi haƙuri zan ɗan yi maka dariya kaɗan. Wai takunkumi da hular sanyi! Kana tsammanin sai ranar uwar zumunta ta sani? Mu mata mun san ƙeyarku, mun san yadda kowa ke zama. Ina tabbatar maka da wuya in ba a daɗe ana sa gidanka a addu'ar zumuntar mata ba tare da an kira suna ba. Matar nan ta zauna a bayanka tun daga Malali ba ta tona ka ba, sai da za ta sauka ta kira ka da muƙaminka, ba ta ce mai keke ba ta ce Sakatare, kai kuma ka ɗauka wulakanci ne ka gudu daga coci. Ka sake tunani a kan wannan.

Maigidana ma ya taɓa zama shekara ɗaya da rabi ba aiki, ni ke riƙe da gida da ɗan teburina a kasuwar Sabo. Bari in gaya maka abin da ya fi yi min ciwo a lokacin, ba kuɗin ba ne. Mutum ya shigo ba sallamar kirki, ka ajiye masa abinci ya ci kamar magani yake sha, ka yi magana ya ce ba komai, yara su ji ƙarar ƙofa kowa ya nemi lungu. Na gaji a kasuwa in dawo kuma in yi ta taka ƙasa a hankali don kar in taɓa inda ke masa ciwo. Rashin kuɗin mu biyu muke ɗauka, amma fushin nan da shirun ni kaɗai da yara muke sha. Matarka ta biya kuɗin makaranta, ka taɓa zaunar da ita ka ce na gode? Ko kunya ta sa ka yi kamar ba ka gani ba? Ɗanta ne fa ita ma, ba bashi ta ba ka ba.

Kuma ku maza ban san inda kuka samo cewa in kuɗin mace ya shiga gida mutuncinku ya zube ba. Luka 8 daga farko, wa ke ɗaukar nauyin Yesu da almajiransa suna yawon bishara? Mata ne, su Maryamu Magadaliya da Yuwana matar Kuza da Suzana da wasu da yawa, da dukiyarsu. Ubangiji bai sa takunkumi ba. Macen kirki ta Karin Magana 31 da kuke karanta mana kowace ranar mata, gona ta saya, ta dasa inabi da ribar hannunta, kuna tafi in an karanta amma in ta faru a gidanku sai ku daina cin abinci.

Yaron nan da ka yi wa tsawa, ka kira shi yau ka ba shi haƙuri, ba zai rage ka da komai ba. Sannan don Allah ka je a auna jininka, ko a kemis ne, ka ji abin da Baba ya faɗa kan abokinsa. In rashin barcin nan ya ci gaba ka ga likita, asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a bayan gidanku yake, ba sai wanda ya yi tsirara a titi ake kaiwa can ba, masu damuwa da rashin barci ma suna zuwa da ƙafarsu. Addu'a da magani ba kishiyoyi ba ne.

Ɗan_Badarawa ya amsa:

Ku yi min afuwa ni Musulmi ne, wani abokina ne ya turo min ya ce ga ɗan'uwanka a sana'a. Maganar ayoyinku na bar wa masu ita. Amma Malam Sakatare maganar keke tawa ce, shekara goma sha ɗaya ina ciki kuma da NCE ɗina a akwati, a cikinsa na yi aure na sayi fili. A wajenmu an ruwaito cewa Annabi Dauda daga aikin hannunsa yake ci, ga shi kuma sarki.

Asarar da kake yi ta tsallaka kogi kullum ka daina, ka yi aiki a unguwarku inda aka san ka, wanda ya san ka shi zai ba ka shatar kai yara makaranta da wata, ita ce kuɗin da ba ya jiran sa'a. Kuma balas ba ya ƙarewa, ka shiga adashi ka sa ran mallakar naka. Mu ma namu adashin mutum talatin da biyu ne kullum rigima muke yi saboda ba mai iya riƙe littafi, wanda ke rubutawa a bayan kwalin sigari yake yi, kai kuma ga ka akanta kana yawo da hular sanyi cikin zafin nan. In ka shigo wajen kasuwar Ungwan Rimi da safe ka tsaya wajen mai shayi mu gaisa.

Malamin_Lahadi ya amsa:

Ɗan'uwa, a kan ayar da ka tambaya, ka koma ka karanta tun daga aya 3 har 16, kar ka tsinke ta 8 ita kaɗai. Maganar gwauraye mata ake yi, waɗanda mazansu suka mutu. Bulus yana gaya wa Timoti ne cewa in gwauruwa tana da 'ya'ya ko jikoki su ne za su fara ɗaukar nauyinta, kar su yar da ita ga ikkilisiya su kama gabansu. Wato da mai hali wanda ya ƙi kula ake, wanda ya juya wa nasa baya. Mutumin da ke tashi da asuba ya yini a cikin ƙura da rana don yaransa su ci, ta ina ayar ta kama shi? In ma akwai inda za ta taɓa ka, wajen abin da Maman Biyu ta faɗa ne, domin kula da iyali ba a cefane kaɗai ya tsaya ba.

Ƙanena na Sabo, ina ganin zafinka ga Ubangiji kuma ina so, amma ban yarda da kai ba a wuri biyu. Ka ce ya ci bashi ya biya alkawari don ƙofa ta buɗe, Allah ba ɗan kasuwa ba ne da za a ba shi kafin alkalami. 2 Korantiyawa 8:12 ta ce in niyya tana nan ana karɓar baiko gwargwadon abin da mutum yake da shi, ba abin da ba shi da shi ba. Ba ina cewa ya share alkawarin ba, Mai-Wa'azi 5 ta yi kashedi a kan wa'adin da aka yi wa Allah ba a cika ba. Abin da ya kamata shi ne ya je wurin ma'aji ko fasto ya faɗi halin da yake ciki, a yanka masa ko dubu bibbiyu ne a wata. Ni dama wannan al'adar ta manna sunaye a allo ana jan layi ba ta taɓa kwanta min ba, na faɗa a majalisar dattawanmu an ce in ba a yi haka ba mutane ba sa biya, to ga irin ribar da ake samu, mutum ya bar sujada saboda allo. Sai kuma "keke ba rabonka ba ne". Mutanen Nazarat da suka ga Yesu yana koyarwa cewa suka yi ashe wannan ba masassaƙin nan ba ne, Markus 6:3, da sana'ar suka san shi, kuma yana da wajen shekara talatin kafin ya fara hidima. Bulus ɗinkin tanti ya zauna yi a Koranti tare da Akila da matarsa. Wanne ne wutsiya a cikinsu?

Tsoro kuma, Dauda a Zabura 56 bai ce ba na jin tsoro ba, cewa ya yi a ranar da na ji tsoro zan dogara gare ka. A Getsamani Ubangiji da bakinsa ya gaya wa Bitrus da Yakubu da Yahaya cewa ransa yana baƙin ciki har kamar ya mutu, ya roƙe su su zauna tare da shi. Namiji ne ya faɗa wa maza uku haka, ko da yake barci suka yi suka bar shi. Mu kuma an rene mu da namiji ba ya kuka.

Wurin da nake so ka duba da kyau shi ne Farawa 3. Nan ne aka fara ambaton tsoro a Littafi Mai Tsarki, Adamu ya ce na ji tsoro domin tsirara nake, sai na ɓuya. Allah ya san itacen da yake bayansa sarai amma sai da ya kira, ina kake? Kai ba laifi ka yi ba, sallamarka aka yi, amma ganyen ɓauren iri ɗaya ne, naka dai na ulu ne. Farin cikin da ka ce ka rasa, Bulus yana ɗaure ya rubuta wa Filibiyawa, kuma cewa ya yi ya koyi zama da wadar zuci a ƙoshi da yunwa. Koya ya yi, ba dare ɗaya ya farka da ita ba.

Sojan_Yesu_Sabo ya amsa:

Malam na ji, maganar rance na janye. Amma ni dai har yanzu ina nan a kan cewa Allah yana iya juya labarin mutum cikin dare ɗaya, kar mu koya wa mutane su saba da wahala. Yayana ka yi azumin ko na yini ɗaya ne.

Sakatare_Narayi ya amsa:

Na gode muku duka, ban iya amsawa da wuri ba don sai da na karanta na Baba sau uku. Baba, maganar bokitin waken nan ta kama ni, domin ni ma ina jin matata tana tashi ƙarfe biyar tana ɗura zoɓo a gora ina yi kamar ina barci.

Mama na bi maganarki rabi. Na ba yaron haƙuri, kallona kawai ya yi ya ce to ɗari biyun fa. Matata kuma ranar Juma'a da dare na miƙa mata wayar na ce ta karanta don bakina ya kasa, ta karanta har ƙarshe ba ta ce komai ba, can ta ce ashe dai kana magana, da mutanen waya. Daga baya ta gaya min uwar zumunta ta zo gidan tun wata biyu da suka wuce, kafin ma ta hau kekena, ta kawo mudu huɗu na masara ta ce kar a gaya min. Na ci tuwon ban sani ba. An auna jinin, 160 bisa 100, mai kemis ya ce in je asibiti kar in tsaya wasa, zan je ranar Talata.

Lahadi na je sujada amma sai da aka fara waƙa na shiga na zauna a bencin baya, kuma ban jira an gama albarka ba na fita, na bi ta gefen allon ban kalla ba. Ma'aji ban same shi ba tukuna, na ɗauki waya sau biyu na ajiye. Ranar Laraba akwai zumunta kuma littafin rahoto yana hannuna sati huɗu ke nan, dole dai in kai shi ko in aika. Ƙarfe ukun ma bai daina ba, daren jiya na farka, sai dai na tashi na taya ta wanke gorunan.

Yau da safe na ɗauki fasinja biyu daga Narayi zuwa Barnawa ba takunkumi, hular dai tana kaina. Malam na Badarawa, masu shayi uku ne a wajen kasuwar nan, wanne kake nufi, kuma ƙarfe nawa kuke zama?